Yaron da bai taɓa riƙe littafin ba, da me zai ci jarrabawar Adabi?

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai shafukan nan su cika da magana iri ɗaya: yaran yanzu ba sa karatu, waya ta lalata su, malamai ba su iya komai ba. A watan Nuwamban 2025 ma an ƙaro wani mai laifin, lokacin da Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022, yana danganta yawan faɗuwa a wasu yankuna da tsarin. Kowa dai ya samu wanda zai nuna wa yatsa. Tambayar da ban cika jin ana yi ba ita ce: yaron nan da ya faɗi, me aka danƙa masa a hannu ya karanta? Yau a kan darasi guda nake so mu yi wannan tambaya, wato Adabi, na Hausa da na Turanci, domin a nan ne amsar ta fi fitowa fili.

Malamin Lissafi idan yana da allo da alli, zai iya lallaɓawa ya koyar da wani abu. Ya rubuta misali, ya warware, ya ba da aikin gida. Malamin Adabi ba shi da wannan sauƙin. Abin da yake koyarwa shi ne littafin kansa. Idan manhaja ta ce a nazarci Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, to darasin shi ne yaro ya buɗe Shaihu Umar ya karanta daga bango zuwa bango, ya bi Umar tun daga ƙuruciya har ƙetare Sahara, ya ji ciwon da mahaifiyarsa ta ji tana yawon nemansa. Bayan ya gama sannan malam ya zo da maganar jigo da salo da taurari. Idan babu littafin, abin da ya rage a ajin shi ne labarin littafi daga bakin wanda ya taɓa karantawa. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.

Abin mamaki, mu ne mutanen da suka fi kowa sanin wannan. A tsangaya kowane almajiri da allonsa, ko ƙolo ne. Ba a taɓa jin malamin da ya tara yara 60 a kan allo ɗaya ba. A zauren karatun ilimi, wanda zai ɗauki darasin Ahalari ko Iziyya ko Ishiriniya da littafinsa yake zuwa, ya buɗe, ya karanta, malam ya fassara, shi kuma yana bin layi da yatsa. Wanda ya zo hannu rabbana sai dai ya zauna a gefe ya yi sauraro, kuma ba wanda zai ce ya sauke littafin. To me ya sa da muka zo makarantar boko muka yarda yaro ya shekara uku a babbar sakandare yana "nazarin" littafin da bai san launin bangonsa ba, sannan mu yi mamaki idan ya faɗi?

Ga yadda abin yake gudana a yawancin makarantun gwamnati, kuma duk wanda ya koyar ko ya yi hidimar ƙasa a irinsu zai shaida. A ce aji mai yara 80. Littafi ɗaya ne, na malam, wani lokaci ma shi ya saya da kuɗin aljihunsa, wani lokaci fotokwafi ne da ya gada daga wanda ya riƙe darasin kafinsa. Lokacin darasi minti 40. Minti 10 sun tafi wajen shigowa da neman a yi shiru. Malam ya karanta shafi biyu da ƙarfi, na gaba su ji, na baya su yi ta hira. Da ya ga lokaci ba zai isa a gama littafin ba kafin ƙarshen zango, sai ya koma ga hanyar da kowa ke bi: ya rubuta taƙaitaccen labarin a allo, ya jera sunayen taurari, ya rubuta "babban jigo" da "ƙananan jigogi", yara su kwafe, su haddace. Ba mugunta ba ce daga malamin. Dabarar wanda aka tura gona ba fartanya ce.

Matsalar ita ce masu jarrabawa ba taƙaitawa suke tambaya ba. Za a ce ka bayyana halin tauraro ka kafa hujja da abin da ya aikata a cikin labarin. Za a ce ka nuna yadda wani abu da ya faru a tsakiyar littafi ya jawo abin da ya faru a ƙarshe. A takardar Adabin Turanci har gutsuren magana ake cirowa daga wasan Shakespeare a tambaye ka wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, a ina, kuma me ya biyo baya. Akwai kuma ɓangaren da ake kawo waƙa ko zube wanda yaro bai taɓa gani ba, a ce ya yi sharhi a kai. Yaron da ya haddace layi 10 daga allo zai juye layin 10 ɗin nan a ƙarƙashin kowace tambaya, ko sun dace ko ba su dace ba. Mai maki ya duba ya ga ba amsar tambayar ba ce, ya ba shi abin da ya samu. Yaron ya fito yana rantsuwa ya rubuta shafi uku, ya rasa dalilin faɗuwarsa.

Ku dubi Ruwan Bagaja. Idan aka taƙaita shi, ba abin da za a ce sai: wani mutum ya tafi neman ruwan magani, ya sha wahala a hanya, ya samo, ya dawo. Shi ke nan. Amma duk wanda ya karanta ya san daɗin littafin yana cikin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna tsiya, da yadda Abubakar Imam yake juya Hausa har ka yi dariya kai kaɗai. Haka Magana Jari Ce: hikimar tana cikin yadda aku ke jan labari don ya hana ɗan sarki fita, labari na haifar labari. Wannan shi ne salo, kuma shi ne abin da ake tambaya a jarrabawa. Salo ba ya shiga taƙaitawa, kamar yadda ba za ka san ɗanɗanon miya don an lissafa maka kayan da aka zuba a tukunya ba.

Idan zube ya sha wahala haka, waƙa ta fi shi. Ana koyar da waƙar baka a makarantunmu ba tare da yaro ya ji sautinta ba. A rubuta masa a allo cewa Mamman Shata da kalangu yake waƙa, Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso, Ɗanmaraya Jos da kuntigi, Barmani Choge da ƙwarya. Ya haddace. Amma ka sa masa faifan Narambaɗa ka ce ya nuna maka inda jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa, ko ya gaya maka wanne ne gindin waƙa wanne ne ɗa, sai ya yi zuru. Waɗannan abubuwa da kunne ake gane su. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Yaron da ke aji uku na babbar sakandare yau bai riski Shata ba sam. Abin da mu muka tsinta a rediyo da gidajen biki ba tare da an koya mana ba, shi sai an kawo masa cikin aji. Kuma kayan da ake buƙata ba wani abu ba ne: waya mai katin ajiya da 'yar sifika mai caji, irin wadda masu sayar da maganin gargajiya ke yawo da ita a kasuwa. Mai tallar magani ya mallake ta, sashen Hausa na makaranta guda bai mallaka ba.

Rubutacciyar waƙa ma haka. Imfiraji ta Aliyu Namangi, waƙoƙin Sa'adu Zungur, na Mu'azu Haɗeja, na Aƙilu Aliyu, duk don a rera aka yi su. Kari da amsa-amo sai an rera suke fitowa. Yaro zai iya haddace cewa waƙa 'yar ƙwar biyar ce, amma idan ba ta gabansa a rubuce ya ƙirga layukan da idonsa, ya ga harafin da kowane baiti ke ƙarewa da shi, to kalmomi kawai ya riƙe. Wasan kwaikwayo kuwa sunansa ya faɗi abin da ake yi da shi. Uwar Gulma, Jatau Na Kyallu, Kulɓa Na Ɓarna, an rubuta su ne don a raba wa mutane matsayi su tashi su taka. Ajin da ke da kwafi 10 kacal zai iya yin wannan. Yarinyar da ta taɓa fitowa a matsayin wata tauraruwa a gaban aji, ta yi fushinta ta yi kukanta, ba za ta manta halin wannan tauraruwa a ɗakin jarrabawa ba. Ajin da ke da kwafi ɗaya, malam ne miji, shi ne mata, shi ne alƙali.

A ɓangaren Turanci abin ya ninka, domin ban da rashin littafi akwai nisan duniyar da littafin ke magana a kai. A jerin da WAEC ta yi amfani da shi daga 2021 zuwa 2025 akwai Wuthering Heights, labarin da aka buga a 1847 wanda ya faru a tsaunukan arewacin Ingila masu sanyi da iska. Akwai Invisible Man da Fences, waɗanda ba za su fahimtu ba sai ka san tarihin baƙar fata a Amurka. Akwai A Midsummer Night's Dream da Turancin sama da shekara 400 da suka wuce. Yaron Gumel ko Ƙauran Namoda da bai taɓa ganin ƙanƙara tana zuba kamar auduga ba, yana buƙatar taswira, da hoto, da ƙamus, da fim ɗin wasan idan da hali, kafin ya san inda aka dosa. Ɗan makarantar kuɗi a Abuja ko Legas yana da nasa kwafin, yana da littafin sharhi, an nuna masa fim ɗin a aji. Ranar jarrabawa takarda ɗaya za a miƙa musu, lokaci ɗaya, maki ɗaya. Daga baya a fito da jadawali a ce jihohin Arewa suna baya.

Wani zai ce to mene ne a ciki don an faɗi Adabi, ai ba Lissafi ba ne ba Ingilishi ba. Ku tambayi duk wanda ya nemi gurbin karatun lauya. Jami'o'i suna neman kiredit a Adabin Turanci, kuma yana cikin darussan da ake rubutawa a JAMB don wannan kwas ɗin. Haka mai son karanta Ingilishi. Yara nawa ne masu kaifin baki da kaifin tunani, waɗanda da sun zama lauyoyi da alƙalai, aka karkatar da su zuwa kwas ɗin da ba sa so saboda darasi ɗaya da aka koya musu ba littafi? Muna kukan ba mu da isassun mutanenmu a wasu fannoni, alhali a aji ɗaya na babbar sakandare aka rufe musu ƙofa. Ban da wannan, a ajin Adabi ne yaro ke koyon karanta dogon rubutu ya riƙe zarensa, ya gane abin da aka faɗa da abin da aka ɓoye, ya kafa hujja da abin da ke rubuce. Wanda bai samu wannan ba shi ne gobe zai karanta kanun labari a nan Facebook ya hau zagi bai buɗe labarin ba.

Kuma rashin littafi ne ke share wa satar amsa hanya. Yaron da ya san bai karanta komai ba, uban da ya biya kuɗin rajista da ƙyar, shugaban makarantar da ake auna shi da yawan waɗanda suka ci, duk sun haɗu a kan buƙata ɗaya. Sai a nemi wanda zai rubuta amsa a allo ranar jarrabawa, ko a kwashi yara a kai su irin makarantun nan da ake kira mirakul santa. Kuɗin da aka ƙi kashewa a sayi littafi a shekarar farko, shi ake kashewa ninki a shekara ta uku a sayi sakamako.

Akwai kuma kayan da samunsu bai fi rashinsu da yawa ba. Kasuwa cike take da bugun sata: takarda kamar ta ƙunshin ƙosai, shafi na 40 ya bi na 25, wani babin ma babu shi gaba ɗaya. Akwai 'yan littattafan taƙaitawa da ɗalibai ke rububi, waɗanda wasunsu marubutansu ma da alama ba su karanta ainihin littafin ba, suna musanya sunayen taurari. A Hausa akwai wata ƙarin masifa: rubutun da aka buga ba ƙugiya. Yaro ya saba ganin baki a inda ake nufin baƙi, kafa a inda ake nufin ƙafa, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Ya ɗauka haka ake rubutawa, ya kai ɗakin jarrabawa, a zaftare masa maki a ƙa'idojin rubutu. Shi bai yi laifi ba, abin da aka ba shi ya mayar.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Na farko: ai malami ne komai, malamin kirki ko a gindin bishiya zai koyar. Haka ne malami ya fi littafi muhimmanci, kuma akwai makarantun da aka ɗora wa wanda bai karanci Hausa ba darasin Hausa don kawai Bahaushe ne. Littafi a hannun irin wannan ba zai yi abin a zo a gani ba. Amma ku juya maganar. Malamin da ya ƙware, ya karanta su Farfesa Ɗangambo da Farfesa Gusau a jami'a, ya san hanyar feɗe waƙa ciki da waje, idan ka tura shi ajin da ba littafi, a zango biyu zai koma mai rubuta taƙaitawa a allo kamar kowa. Sannan littafi yana da wata falala guda: yana bin yaro gida. Ranar da malam bai zo ba, ranar da ake yajin aiki, lokacin hutu, littafin na nan. Yaro mai littafi da raunin malami yana da hanyar ceton kansa. Wanda ba shi da littafi, duk ranar da malam bai shigo ba ta tafi a banza.

Na biyu: ko an ba su ba za su karanta ba, yaran yanzu sai TikTok. Wannan magana ta fi kowacce ba ni haushi, domin ba a gwada ba aka yanke hukunci. 'Yan matan da ake cewa ba sa karatu su ne ke cinye littafin Hausa mai shafi ɗaruruwa a WhatsApp da Wattpad cikin kwana biyu, har suna biyan kuɗi a sa su a guruf. Iyayensu mata su ne suka riƙa karɓar hayar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suna ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke rubutu, ba karatu kaɗai ba. Al'ummar da ke sauraron karatun littafi a rediyo da YouTube ba ƙin labari take yi ba. Abin da aka kasa yi shi ne a sa littafin manhaja a inda hannun yaro zai kai, a kuma koyar da shi ta hanyar da zai ji daɗinsa.

Na uku: ai yanzu komai yana waya, a tura musu a WhatsApp mana. Waya za ta taimaka, musamman wajen sauti da fim. Amma makarantun kwana da yawa sun hana riƙe waya, kuma da dalilinsu. Yaron ƙauye da ke karɓar aron wayar yayansa da dare ba zai karanta littafi guda a kanta ba. Iyaye da yawa ba sa barin 'ya mace ta riƙe waya kafin ta gama sakandare. Sannan yawancin abin da ke yawo a guruf-guruf kwafin sata ne, marubuci da maɗaba'a ba su samu ko kwabo ba. Idan kowa ya sata, gobe wa zai sake bugawa? Idan hukuma na son bin wannan hanya, ta sayi haƙƙin littafin daga masu shi, ta raba shi da izini.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi: babu kuɗi. Gaskiya ne littafi ya yi tsada. Masana'antun takarda da aka kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasar nan, takarda daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka cire tallafin mai aka saki Naira a 2023 farashin komai ya tashi. Uban da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, ga yara biyar a makaranta, ga abinci, ba za ka ce masa ya sayi littafin zube da na wasa da na waƙa na kowane yaro ba. Shi ya sa ni ban ɗora nauyin a kan uba shi kaɗai ba. Amma jihar da ke iya gina gadar sama, da ɗan majalisar da ke iya raba babura da kekunan ɗinki, ba za su ce littafi ya fi ƙarfinsu ba. Magana ce ta abin da aka ɗauka da muhimmanci. Gini ana ganinsa daga titi, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Littafi a jakar yarinya ba ya fitowa a allon talla.

Kuma an taɓa yi a ƙasar nan, lokacin da ba a kai yanzu arziki ba. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, an yi ta ne saboda an ga an koya wa yara karatun boko amma ba su da abin karantawa da Hausa. Magana Jari Ce don makarantu aka rubuta shi. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, aka yi NORLA a shekarun 1950, aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Mutanen wancan lokaci sun gane cewa buɗe aji ba ya wadatarwa sai an tanadi abin da za a karanta a cikinsa. Ko a 2022, da Malam Adamu Adamu yake sanar da tsarin harshen uwa, shi da kansa ya ce aiwatarwa sai an samar da kayan koyarwa da malamai. Shekara uku bayan nan aka soke tsarin. Kafin a yanke wa kowane tsari hukunci, ya kamata a fara gaya mana littafi nawa aka buga aka kai aji dominsa.

To me za a yi? Ba sai kowane yaro ya mallaki nasa ba. WAEC tana riƙe jerin littattafan Adabin Turanci shekara biyar kafin ta sauya, kuma an shiga sabon zagaye daga 2026. Ma'ana kwafi 40 na kowane littafi, idan makaranta ta saya ta buga musu hatimi, ta riƙa bayar da aro yaro biyu littafi ɗaya, za su yi wa rukuni biyar na ɗalibai aiki. Wannan lissafi ne da kowace ma'aikatar ilimi ta jiha za ta iya yi a takarda ɗaya. Dokar UBE ta 2004 ta tsaya ne a aji uku na ƙaramar sakandare, don haka babbar sakandare, inda ake rubuta WAEC da NECO, tana wuyan jihohi. Gwamnoninmu da kwamishinoninsu ne za mu tambaya. Jihohin da ke biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa sun kyauta, amma biyan kuɗin jarrabawar littafin da ba a saya ba kamar biyan kuɗin mota ne ga wanda ba a gaya wa inda za shi ba.

Shugabannin makarantu kuma, don Allah a buɗe sito. Ba sabon abu ba ne a tarar da katan-katan na littattafai a kulle, gara tana ci, saboda ana tsoron kada yara su yaga ko masu bincike su zo su ƙirga su ga babu. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa. A ba malamin Adabi makullin, a yi rajistar aro, wanda ya ɓatar ya biya. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi duk shekara a yi taro a ci abinci a ɗinka anko, ku je makarantarku ku tambayi malamin Hausa da na Adabin Turanci sunayen littattafan da ke manhaja bana, ku sayo na asali daga maɗaba'a, ku haɗa da sifika ɗaya. Masu neman sadaka mai gudana, ga ta nan a kusa da gida. Malaman sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejojin ilimi, ku naɗi waƙoƙin manhaja da murya mai kyau, da izinin masu su, ku sake su kyauta ga malaman sakandare.

Iyaye kuma akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi. Yau da dare ka kira ɗanka ko 'yarka da ke ajin fasaha, ka tambaye su littattafan da ake nazarta a Adabi bana. Idan sun faɗi sunayen, ka ce su kawo ka gani. Idan babu, ka tambaya ko sun taɓa riƙe shi a aji, ko shafi nawa suka karanta da idonsu. Amsar da za ka ji ita ce sakamakon da ke jiranka, tun kafin WAEC ta fitar da nata. Idan da hali, ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa ku sayi kwafi ɗaya yara su riƙa karɓa-karɓa. Idan an kira taron iyaye da malamai, a tayar da maganar kafin a shiga batun kuɗin fenti.

Malaman Adabi da ke bibiyar wannan shafi, ku gaya mana a ƙasa: yara nawa ne a ajinku, kuma kwafi nawa kuke da shi na littafin da kuke koyarwa wannan zangon? Ba sai kun ambaci sunan makaranta ba, jiha ta isa. Mu tara alƙaluman da kanmu, mu ajiye su, domin ranar da sakamako ya fito aka fara zagin yara, mu samu abin da za mu ɗora a kan tebur.

Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.